Busasshe, jiƙaƙƙe, faranti ko kai-tsaye: wane tsarin naitros ya dace da injin motarka?

Duk wanda yake shirin sanya wa motarsa iskar naitros oksaid ya kamata ya fara fahimtar cewa ita kanta wannan iska ba makamashi ba ce. Aikinta shi ne kai iskar oksijin cikin silinda, domin kusan kashi 36 cikin ɗari na nauyinta oksijin ne, alhali iskar da muke shaƙa kashi 23 kawai take da shi. Idan zafi ya kai wajen digiri 300 a ma'aunin Selsiyos sai ta rabu ta saki oksijin ɗin, kuma tun kafin nan, yayin da take fitowa daga kwalba tana rikiɗewa daga ruwa zuwa iska, tana sanyaya iskar da injin ke zuƙa ta ƙara mata kauri. Ƙarfin da ake samu daga ƙarin fetur ɗin da aka ƙona yake fitowa. Saboda haka tambayar da ta raba tsare-tsaren da ke kasuwa ita ce: ta wace hanya ƙarin man zai shiga, kuma shin kowace silinda za ta samu rabonta daidai? Dabarar fesa naitros tsohuwa ce, don jiragen yaƙin Jamus sun yi amfani da ita a Yaƙin Duniya na Biyu da sunan GM-1, amma har yau ƙarancin fetur ne ke narkar da fistan.

Tsarin da ake kira busasshe yana fesa naitros kaɗai a bututun shigar iska, ya bar wa injektocin motar aikin ƙara mai, ko dai ta hanyar ɗaga matsin fetur ko ta sake saita kwamfutar injin. Shi ne mafi sauƙin haɗawa, tunda ba a jawo sabon layin mai, kuma manifol ɗin, wato bututun da ke raba iska zuwa kowace silinda, ba ya jiƙewa da fetur. Iyakarsa tana ga injektocin da famfon mai: idan dama suna aiki kusa da ƙarshen iyawarsu, babu inda ƙarin man zai fito. Motocin da layin mansu ba ya komawa tanki ba sa karɓar tsohuwar dabarar ɗaga matsi, sai dai a bi ta kwamfuta. A ganina wannan tsari ya dace da mai mota ta zamani wanda yake da ƙwararren da zai saita masa kwamfutar, kuma ba ya neman ƙari mai yawa.

Jiƙaƙƙen tsari mai nozul ɗaya, wato bakin fesawa guda, yana cikin waɗanda aka fi saye, kuma a nan ya kamata mai saye ya fi tsayawa ya yi tunani. Yana da bawul biyu masu aiki da lantarki, ɗaya na naitros ɗaya na fetur, waɗanda ke haɗuwa a nozul guda da aka dasa kafin bakin totur. Girman ƙarin ƙarfi ya dogara ne da ƙananan jet biyu masu ƙayyade yawan naitros da fetur ɗin da ke wucewa, waɗanda ake sauyawa da hannu, don haka mutum zai iya farawa da ƙarin ƙarfin doki 50 (ma'aunin ƙarfin injin) ya ɗaga daga baya ba tare da ya sayi sabon kaya ba. Matsalarsa ita ce yawancin manifol na motoci masu injekta an ƙera su ne don iska kaɗai ta bi ta cikinsu. Fetur ya fi iska nauyi, ba ya shan kwana yadda take sha, sai wata silinda ta samu da yawa wata ta samu kaɗan, ko kuma man ya taru a wani lungu. Idan wuta ta koma baya ta tarar da wannan taruwa haɗe da naitros, manifol na iya tarwatsewa, musamman na roba. Wannan ya fi faruwa idan aka kunna tsarin injin yana juyawa a hankali, shi ya sa ba a son a taɓa shi ƙasa da juyi 2,500 zuwa 3,000 a minti.

Faranti kuwa jiƙaƙƙe ne shi ma, sai dai ana cusa shi tsakanin kafireta ko bakin totur da manifol, yana fesawa ta ƙananan ramuka masu yawa. Ga injin V8, wato mai silinda takwas, mai kafireta, wanda manifol ɗinsa dama an yi shi don ɗaukar fetur da iska tare, da wuya a samu abin da ya fi shi sauƙi da daidaito. Abin dubawa kawai shi ne ko murfin injin zai rufu bayan an ƙara tsawon.

Tsarin kai-tsaye yana ba kowace silinda nozul nata, tare da jet nata na mai da na naitros. Shi ya warware matsalar rabo gaba ɗaya, har ma yana ba da damar ƙara wa silindar da ta fi zafi mai ita kaɗai, kuma shi ne ke ɗaukar ƙarin doki ɗari biyu zuwa sama. Amma sai an cire manifol an huda shi, an lanƙwasa bututu da yawa, kuma jet ɗaya da datti ya toshe ya isa ya ƙona silinda guda ba tare da direba ya ji komai ba sai an makara. Wannan kayan masu tsere ne waɗanda suka riga suka sanya fistan da sandunan da aka ƙera don jure matsi. Mai injin kamfani da ba a taɓa buɗewa ba bai da buƙatarsa.

Ko wanne aka zaɓa, akwai kayan da sau da yawa ba sa cikin kwalin farko na kamfanoni irin su NOS, ZEX da Nitrous Express, kuma ya kamata a lissafa kuɗinsu tun farko. Matsin kwalba yana bin zafinta, kuma an auna jet ɗin ne a kan matsi na wajen fam 900 zuwa 1,000 a kan kowane inci murabba'i, don haka ana buƙatar ma'aunin matsi da na'urar ɗumama kwalba. Kada a taɓa ɗumama ta da harshen wuta. Ana buƙatar makunnin da ba ya barin tsarin ya yi aiki sai an taka totur har ƙasa, da wanda ke taƙaita shi tsakanin juyi kaza da kaza, da wanda ke yanke naitros idan matsin fetur ya faɗi. Bawul ɗin fitar da iskar da ta taru a layi yana sa bugun farko ya zo daidai, na'urar shigar da naitros sannu a hankali kuma tana ceton kuloci da tayoyi idan ƙarin ya yi girma.

Shi ma injin sai an shirya shi. Ƙa'idar da masu sana'ar ke bi ita ce a jinkirta tartsatsin fulogi da kusan digiri 2 ga kowane doki 50 da aka ƙara, a sanya fulogi mai saurin zubar da zafi, a kuma yi amfani da fetur mai lambar okten babba, wato wanda ke jure matsi ba tare da ya kama wuta kafin lokaci ba. Ga injin kamfani mai lafiya, ƙarin da aka saba ɗauka amintacce shi ne wajen doki 50 ga mai silinda huɗu, 75 zuwa 100 ga mai shida, da 100 zuwa 150 ga mai takwas. Injin da ke shan baƙin mai ko ya rasa matsi a wata silinda gyara yake buƙata tukuna.

Kwalba mai cin fam 10, wato kusan kilo huɗu da rabi, ba ta wuce mintuna biyu na fesawa a kan ƙarin doki 100, kuma matsinta yana raguwa tun kafin ta ƙare, saboda haka sai a tabbatar akwai wurin cikawa kusa kafin a biya kuɗi. Dokoki ma sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa: wasu sun yarda a ɗauki kwalbar a kan titi muddin a rufe take ko ba a haɗa ta ba, wasu sun taƙaita amfani da ita ga filin tsere, kuma kamfanin inshora na iya ƙin biya idan ba a sanar da shi an yi wannan sauyi ba.