Gargaɗi ga masu zanen gini: katin Quadro na jabu yana yawo

Jama'a, musamman ku da kuke aiki da manhajojin zanen gini na AutoCAD da Revit, ku yi hattara. Akwai wani da ke tallar katin hoto na kwamfuta, Quadro P2000, a rabin kuɗinsa, wai kwancen Turai ne. Ba ya yarda a haɗu. Sai dai ka tura kuɗi ya sa maka a mota. Ni na tura, kwaɗayin araha ya ja ni.

Da kayan ya iso na sa, Windows ta nuna "Quadro P2000", na ce alhamdulillahi. Sai direba, wato manhajar da ke sa katin ya yi aiki, da na sauke daga shafin Nvidia, kamfanin da ke yin Quadro, ya ƙi hawa, dole sai wanda ya haɗo min a filas. Ban kawo komai a raina ba. Ranar da na buɗe zanen wani bene mai hawa uku, ina juya shi, allo ya cika da layuka kore da shunayya, Revit ya rufe kansa. Sau uku haka, ga mai aiki yana kira.

Wani ƙanena mai gyaran kwamfuta ne ya juya katin ya ce, "Yaya, wannan ai ramin VGA gare shi, tsohon ramin jona allo." P2000 na gaskiya, wanda ya fito a 2017, ramukan DisplayPort huɗu ne a bayansa, ba VGA ba HDMI, kuma ba a jona masa wayar wuta daban. Ya sa manhajar GPU-Z mai nuna bayanan katin hoto, sai ga kalmar FAKE, wato jabu, a gaban sunan. Ainihinsa tsohon kati ne, GTS 450 na 2010, an sake rubuta BIOS ɗinsa, wato ƙaramar manhajar da ke cikin katin, don ya riƙa faɗin sunan da ba nasa ba. Ƙwayoyin aikinsa 192 maimakon 1024. Ma'ajiyarsa tana cewa 5GB, alhali 1GB ce, shi ya sa da zane ya yi nauyi yake faɗuwa.

Idan za ka saya, a jona shi a gabanka, ka duba GPU-Z, ka sauke direba da hannunka, ka buɗe zane mafi nauyi da kake da shi kafin kuɗi ya bar aljihunka. Nawa mutumin ya toshe lambata, amma jiya na ga hoton katin nan a wani sabon shafi da wani suna.