Lion King: katun ko na dandamali?

Ana ta tambayata wanne ya fi. Katun ɗin 1994 kam ko a waya ka kalla, minti 88 an gama. Na dandamali kuwa sai ka je gidan wasa kamar na Broadway a birnin New York ko na Landan, tikiti akwai tsada sosai.

Amma aikin da Julie Taymor, daraktar wasan dandamalin, ta yi a 1997 wallahi abin jinjinawa ne, fuskar zaki a saman kan ɗan wasa take, kana ganin mutum kana ganin dabba, raƙuman dawa mutane ne kan dogayen sanduna, Rafiki, birin nan na cikin labarin, ma mace aka mayar da shi kuma an ƙara waƙoƙin Zulu.

Mai yara da ƙaramin aljihu katun ya ishe shi, mai hali da son rawa da kiɗa ya nemi na dandamali.