Ruwan Gorar Wani Kamfani a Katsina: Tacewa Ta Yi, Amma Dako da Ajiya Suna Son Gyara

Kamfanin da wannan sharhi ya shafa yana cikin birnin Katsina, kuma shi ne yake kawo ruwan sha gidanmu da wurin aikinmu. Yana yin ƙananan goruna na santilita 50 da 75, da babbar gora mai cin lita 18.9 wadda ake kifawa a kan na'urar sanyaya ruwa, da kuma ruwan leda da kowa ya sani da fiya wata. Birnin ya faɗaɗa har ruwan madatsar Ajiwa bai kai kowace unguwa ba, gidaje da yawa sun dogara ga rijiyar burtsatse da 'yan ga-ruwa, saboda haka ruwan gora ya tashi daga abin ƙawa a wurin biki ya zama abin da ake shayar da jarirai da majinyata. Abin da aka ɗora wa amana irin wannan ya cancanci a duba shi da idon basira.

Na nemi izinin ganin inda ake aikin, mai kula da ma'aikata ya amince ba tare da wani ja-in-ja ba, kuma wannan kaɗai ya ƙara mini natsuwa da su. Daga rijiyar burtsatse ruwan yake hawa tanki, ya bi ta matacin yashi, sannan ya ratsa wani gawayi na musamman da yake kashe wari da ɗanɗano, kafin a matsa shi da ƙarfi ta cikin wata siririyar fata wadda take tare gishiri da ƙarafan da suka narke a ciki. Daga nan ya wuce ta gaban fitilar UV, a kuma zuba masa iskar ozon, dukansu don kashe ƙwayoyin cuta. Ɗakin ɗura ruwan a rufe yake, ta gilashi ake leƙawa, masu aiki kuwa sanye suke da hula da safar hannu da takunkumi. Na tsaya ina kallon yadda ake gasa wata 'yar roba mai tsawon yatsa, a hura mata iska ta buɗe ta zama gora, a cika ta a rufe ba tare da hannun kowa ya taɓa bakinta ba. Sun nuna mini littafin da suke rubuta sakamakon gwaji, inda ma'aunin tsamin ruwan yake tsakanin 6.5 da 8.5 kamar yadda ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya ta tanada. A wannan ɓangare ban ga abin kushewa ba.

Ruwan garau yake, ba wari, sai dai ba shi da garɗin ruwan randa, domin tacewar tana ɗauke ma'adinan da suke ba ruwa ɗanɗano. Wannan ba abin tayar da hankali ba ne, tun da yawancin ma'adinan da jiki yake buƙata daga abinci yake samunsu.

Akwai lambar rajistar hukumar NAFDAC a jikin takardar gorar, hukumar da aka kafa a 1993 don sa ido kan abinci da magunguna da ruwan da ake sayarwa a rufe. Zoben murfin yana da ƙarfi, sai ya yi ƙara kafin ya rabu, abin da yake nuna ba a taɓa buɗewa ba. Amma ranar ɗurawa da ranar daina amfani, waɗanda aka buga a wuyan gorar, tawadarsu ba ta kama ba. Na goga babban yatsana a kai sau ɗaya, rabin lambobin suka bi yatsan. Gorar da ta kwana cikin ƙanƙara a wurin mai shago kan fito ba komai a wuyanta, mai saye kuwa ba shi da hanyar sanin ko ta shekara a ajiye.

Babbar damuwata ita ce abin da yake faruwa bayan ruwan ya bar ƙofar kamfanin. Duk wanda ya juya gindin ƙaramar gora zai ga lamba 1 a cikin alama mai kusurwa uku, wato robar PET ce. Ba a sa mata sinadarin BPA da ake yawan tsorata mutane da shi, amma ana amfani da wani ƙarfe mai suna antimoni wajen sarrafa ta, kuma ɗan kaɗan daga cikinsa yana tsattsafowa cikin ruwan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa masa iyakar maikirogiram 20 a kowace lita (maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram), kuma gorar da aka ajiye a inuwa tana ƙasa da wannan iyaka nesa ba kusa ba. Zafi da daɗewa su ne suke ƙara yawansa. To, a garin da zafi yake haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, wannan kamfani yana raba kayansa a a-kori-kura buɗaɗɗiya, ba ko tamfol, tana zagaya unguwanni tun hantsi har la'asar, sannan 'yan sari su jibge ƙullin gorunan a bakin shago rana tana dukansu. Na taɓa karɓar ƙulli daga motar na ji gorunan da ɗumi kamar ruwan wankan jego, kuma da na sha bayan ya huce sai na ji ɗanɗanon roba a maƙogwaro. Gora ɗaya da ta sha rana ba guba ba ce, kuma jita-jitar da ake yaɗawa a WhatsApp cewa daskarar da ruwan gora a firiji yana haifar da ciwon daji ba ta da tushe. Duk da haka, wanda wannan ne ruwan shansa kullum yana da haƙƙin a kawo masa shi a rufe, tamfol kuwa ba wani kuɗi ne da zai gagari kamfani mai injuna irin waɗanda na gani ba.

Akwai kuma batun ɓurɓushin roba. A farkon 2024 masu bincike a Jami'ar Kolombiya ta Amurka sun ƙirga kimanin ɓurɓushin roba guda 240,000 a lita ɗaya ta ruwan gora, yawancinsu ƙanana ƙwarai. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 bai sami hujjar babban haɗari daga irin wannan ɓurɓushi ba, sai dai ya nemi a ƙara bincike. A ganina, a wurin da amai da gudawa da taifot suke kwantar da mutane duk damina, barin ruwan da aka tace a koma na jarkar da ba a san inda aka ɗebo shi ba saboda tsoron ɓurɓushi, gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Manyan gorunan ma suna ba ni damuwa. Da yawansu suna ɗauke da lamba 7, kuma irin wannan roba mai tauri yawanci da BPA ake yin ta, sinadarin da Tarayyar Turai ta yanke hukuncin hana amfani da shi a mazubin abinci a ƙarshen 2024. Ana karɓarsu daga gidaje a wanke a sake cikawa, wasu sun tsufa sun yi hazo, jikinsu duk ƙarzuwa, ƙarzuwa kuwa maɓoyar datti ce. An taɓa kawo mana wata da gansakuka ta fara tsirowa a gindinta. Na mayar, suka canza nan take suka ba da haƙuri, kuma na yaba da hakan, amma bai kamata irin wannan gora ta wuce idon mai dubawa ba tun farko. Wajibi ne kamfanin ya riƙa fitar da tsofaffin goruna daga aiki, ya kuma riƙa shinshina kowace kafin wanki, domin akwai masu zuba kananzir ko man gyaɗa a ciki kafin su mayar. Wanke na'urar sanyaya ruwan kuma aikin mai gida ne, ba na kamfani ba, kuma mutane da yawa ba sa yi.

Na kai kukan tawada da na tamfol ga mai kula da rabon kaya, ya saurare ni da ladabi ya ce zai isar wa Alhaji mai kamfanin. Har yanzu motar a buɗe take yawo, shi ya sa nake zuwa kamfanin da sassafe in karɓi nawa daga ma'ajiyarsu, in zaɓi babbar gora sabuwa mai haske, in ajiye ƙananan a ɗaki nesa da taga.