Katin Bashi na Manya: Wanne Ya Dace da Ɗan Kasuwar Kebbi?

Idan ma'aikacin banki a Birnin Kebbi ya ce wa Alhaji ya cancanci katin Platinum, tambayar farko ita ce: na bashi ne ko na cirar kuɗi? Da yawa daga cikin katunan da ke ɗauke da wannan suna a Najeriya kuɗin asusunka suke ci, babu bashi a cikinsu.

Matakan a jere suke. Visa na da Gold, Platinum, Signature, sai Infinite a sama. Mastercard na da Platinum, World da World Elite. Duk hawa ɗaya, kuɗin shekara yakan ƙaru, alfarmar ma haka.

Sai dai kusan duk alfarmar an tsara ta ne don matafiyi: ɗakin hutu a filin jirgi ta hanyar Priority Pass ko LoungeKey, inshorar tafiya, rangwame a otal. Mai zuwa Umara kowace Ramadan, ko mai saro kaya daga Dubai da Guangzhou, zai more. Shi ma ya tambaya sau nawa ake shiga ɗakin hutun kyauta a shekara, ko iyali za su shiga tare da shi, kuma ko filayen da yake bi, Abuja ko Jidda, suna cikin jerin. Inshorar kuwa galibi ba ta aiki sai da katin aka biya tikiti. Wanda ya ba ejan kuɗi a hannu ya yi asararta.

Dillalin shinkafa a Argungu ko mai albasa a Aleiro fa? Cinikinsa taransifa ce da tsabar kuɗi, manomi ba ya karɓar kati. A ce katin yana mayar da kashi 1 cikin 100 na abin da aka kashe, kuɗin shekara kuma naira 100,000. Sai ka goga naira miliyan 10 kafin ka fanshe kuɗin shekarar kaɗai. A ganina irin wannan ɗan kasuwa Gold ya ishe shi, ko ma Verve na gida.

Batun ruwa ya fi komai nauyi a wajenmu. Wanda ya biya bashin duka cikin wa'adin da banki ya ɗiba ba ya biyan ruwa a kan sayayya. Wanda ya biya ɗan abin da aka ce dole kawai, ruwa zai hau ragowar ya cinye duk garaɓasar. Cirar tsabar kuɗi a ATM da katin bashi kuwa, galibi ruwa yana farawa tun ranar. Malamai da dama suna ƙyamar yarjejeniyar kanta saboda sharaɗin ruwan da ke cikinta, ko da mutum bai taɓa yin latti ba. Mai wannan damuwa ya ji ta bakin bankunan da ba sa harkar ruwa, kamar Jaiz da ya fara aiki a 2012, TAJBank ko Lotus, ya ga katin da suke da shi.

Sannan naira ko dala? A 2022 bankuna da yawa sun dakatar da amfani da katin naira a ƙasashen waje, sai a 2025 wasu suka dawo da shi tare da iyaka. Katin dala ba ya cikin wannan matsalar, amma da dala za ka biya, don haka ya fi dacewa da mai asusun dala da kuɗi ke shiga. Kafin sa hannu, a nemi takardar caje-caje a rubuce: kuɗin shekara, ruwan wata, tarar latti, da farashin canjin da bankin yake amfani da shi.