Sensar iskar taya don tayoyin hunturu: ta Tesla, ta Autel, ko mai arha?

Ɗan'uwa, ka ce kana birnin Montreal na lardin Quebec a Kanada da motar lantarki Tesla Model 3 ƙirar 2022, ka sayi rim huɗu na daban don tayoyin sanyi kafin 1 ga Disamba, ranar da dokar Quebec ta wajabta sanya su har zuwa 15 ga Maris. Kana tambayar wace sensar iska, wato 'yar na'urar da ke auna iskar taya ta aika wa mota, za ka sa a ciki: ta kamfanin, ta wasu kamfanoni irin su Autel, ko masu arhar da ke yawo a intanet huɗu a kwali ɗaya.

Kafin maganar kuɗi, a fara da yadda motarka ke karɓar saƙo, don nan ne mutane suka fi yin asara. Model 3 ta farko tana sauraron sensa ta zangon rediyo na 433 MHz. Daga wajen ƙarshen 2020 Tesla ta koma Bluetooth, kuma taka tana cikin waɗannan. Duk sensar da aka rubuta mata 315 ko 433 MHz, kome kyawunta, motarka ba za ta ji ta ba. Tallace-tallace da yawa suna cewa "ta dace da Model 3" ba tare da faɗin shekara ba. In ba ka ga Bluetooth ko BLE (wani nau'in Bluetooth) a rubuce ba, wuce kawai.

Ta Tesla dai ba ta da wani labari mai tsawo. Ita ce mafi tsada a cikin ukun, amma irin wadda ke cikin tayoyinka na bazara ce. A ɗaura, ka yi tafiyar kamar minti 10 da gudun da ya haura kilomita 25 a awa, motar ta gane su da kanta, lambobi su fito a allo. Ba na'ura, ba saiti.

Autel kuwa sai a yi hattara da suna, domin iri biyu ne. Akwai MX-Sensor ɗin da kowane shagon taya ya sani, mai haɗa 315 da 433 MHz a jiki ɗaya. Tana zuwa babu kome a cikinta, sai an ɗora mata bayanin mota da na'urar Autel, har ana iya kwafa mata lambar tsohuwar sensa. Abu ne mai kyau ga mai tsohuwar Model 3 da sauran motocin da ke amfani da rediyo, haka ma EZ-sensor ta kamfanin Schrader. Amma ba taka ba ce. Taka ita ce ta Bluetooth da Autel ta yi musamman don Tesla, wadda ke zuwa a shirye. Farashinta yakan yi ƙasa da na Tesla, kuma shagon da ke da na'urar Autel mai karanta Bluetooth zai iya tayar da ita ya karanta batirinta tun kafin a sa taya a kan rim. A wurina wannan gwajin ya fi rangwamen kuɗin muhimmanci.

Masu arhar fa? Ba zan ce duk jabu ba ne, wasu suna aiki lafiya lau. Matsalar ita ce batirin sensa a rufe yake ruf, ba a canza shi, kuma mai kyau yakan yi shekara 5 zuwa 10. Ita wadda ba ta da suna ba ka san wane batir aka sa mata ba, ba ka san tsawon zamanta a sito ba, ga sanyin Janairu mai bayyana raunin batir. Ranar da ɗaya ta mutu, ba kuɗin sensa kaɗai za ka biya ba. Sai an sauke ƙafar, an ɓamɓare taya daga rim, an mayar, an sake daidaita ta, ka kuma nemi layi a shago a tsakiyar hunturu. Arha ba ta ado, in ji Hausawa.

Wani zai ce a bar sensar gaba ɗaya, tunda Kanada ba ta tilasta ta ba, saɓanin Amurka da ta wajabta ta a sababbin motoci tun 2007 da Tarayyar Turai tun 2014. Motar za ta tafi, sai dai gargaɗi ya zauna maka a allo wata huɗu. Ni ban ba ka wannan shawara ba. Iska tana raguwa kusan psi 1 (ma'aunin iskar taya) duk lokacin da yanayi ya sauka da digiri 5 zuwa 6 na Celsius. Tayar da aka cika psi 42 a cikin gareji mai digiri 10 za ta koma wajen 37 ranar da aka tashi da 20 ƙasa da sifiri. Motar lantarki tana da nauyi, taya mai laushi tana ƙara cin caji a lokacin da sanyi ya riga ya rage nisan tafiya, kuma Model 3 ba ta zuwa da safaya. Masu mota irin Volkswagen ID.4 ne zan ce su huta, don tasu motar da juyawar ƙafa take gane iska ta ragu, babu sensa a cikin taya.

Sai batun bawul, wanda ba a cika tambaya ba. Na ƙarfe ya fi kyan gani, amma gishirin da ake zubawa a titunan Montreal don narkar da ƙanƙara yana cin alminiyam. In rim ɗinka ya karɓi na roba, shi ya fi dacewa da sanyi. In na ƙarfe ne, sa masa murfin roba, kada ka sa na tagulla, don yakan manne har bawul ɗin ya karye wajen kwancewa.

Da ni ne, in shagon da zai ɗaura min tayoyin yana sayar da Autel ta Bluetooth kuma zai tsaya mata da garanti, ita zan ɗauka. In ni zan saya in kai musu, gara ta Tesla, domin shago ba ya ɗaukar alhakin kayan da ba shi ya sayar ba. Ko wacce ka zaɓa, ka ce a gwada huɗun a gabanka kafin a rufe taya, ka kuma zagaya da motar har lambobi huɗu su fito a allo kafin ka yi nisa da shagon.