Fentin ruwa mai araha na Ƙofar Ruwa: ya ya yake a sabuwar filasta?

Bokitin lita 20 ɗin nan da ake samu a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ba laifi a silin, amma a bango sai an bi shi a hankali. A bar filastar siminti ta yi sati huɗu. Iskar hunturu tana busar da samanta alhali cikinta da danshi. In aka yi gaggawa, fentin ya kumbura, farin gishiri ya feso. In filastar ta bushe, a goge da sanfefa, a kaɗe ƙura. Shafin farko a tsinka shi da ruwa, bango ya sha. Sai shafi biyu da rola.

Aibinsa: masu shago kan ce yana wankuwa, amma jiƙaƙƙen tsumma na ɗebe shi. Kicin da banɗaki kam a nemi wani.