Shagon kayan kushin da ya taimake ni na gyara kujerun Inna da hannuna

Duk mai tsohuwar kujerar katako a gida, kuma aljihunsa bai kai na sabon saiti ba, ina ba shi shawarar ya leƙa ɓangaren masu kayan kushin a Kasuwar Katako ta nan Gombe kafin ya kira mai gwangwan ko ya fasa ta ya hura wuta. Akwai wani dattijo a wurin da kowa ke kira Baba. Shagonsa ƙarami ne, ba allo a ƙofa, soso jibge har rufi. Abin da ya sa nake rubutu a kansa shi ne yana sayar maka da daidai abin da aikinka ke buƙata, sannan ya gaya maka gaskiya: wannan za ka iya da kanka, wancan ka bar wa mai sana'a.

Kujerun namu guda huɗu ne, irin masu hannun katako da kushin biyu da ake ɗagawa, na zama da na jingina. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya saye su da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da gwamnati ta yi wa ma'aikata, a 1975, lokacin Gombe tana ƙarƙashin Jihar Arewa maso Gabas, ba a ma ƙirƙiro Jihar Bauchi ba sai a shekarar da ta biyo baya. A kansu aka karɓi baƙin sunan kowannenmu. Da suka dawo hannuna, soson ya zama gari, robar ƙasa ta tsinke, biyu suna rawa in an zauna, ɗaya kuma wani ya taɓa shafe ta da fenti mai ruwan ƙasa. Kafintan farko da na nuna wa ya ce a naɗe su gaba ɗaya da yadi har hannuwan, su koma kamar na yayi. Raina bai so ba, domin katakon shi ne kujerar.

Na ɗora ɗaya a Keke Napep na kai wa Baba. Bai fara da maganar kuɗi ba. Ya kifa ta, ya kankare ƙarƙashin hannun da wuƙa, ja ya bayyana, ya ce: "Malama, maɗaci ne wannan. Kada ki bari kowa ya rufe miki shi." Ya ce yawancin abin da ake haɗa kujerun yanzu da shi farin katako ne mara nauyi, irin su malaina, sai a lulluɓe da yadi don kada a gani. Ya duba ƙafafun ɗaya bayan ɗaya yana neman gara da ƙananan hudojin ƙwaron katako, waɗanda ke zubar da gari mai laushi. Ƙafa ɗaya ce kawai ta taɓu. Ya tsiyaya mini Solignum, maganin gara da ƙwaron katako, kaɗan a kwalba, bai ce sai na ɗauki galan ba, kuma ya ja kunnena in shafa a ƙasan ƙafar da cikin firam kaɗai, don irin wanda ya ba ni mai duhu ne, yana rina katako.

Wannan sayar da tsiyaye shi ne babban abin da ya rage mini kashe kuɗi. Gam ɗin katako na Top Bond ƙaramar roba na saya. Samfefa falle-falle ya ba ni, lamba 80 da 120 da 220, ya bayyana mini cewa ƙaramar lamba ita ce mai kaushi, da ita ake cire tsohon banish, babbar kuma ta gamawa ce. Ya ce in bi tsawon jijiyar katakon, kada in gitta, domin duk zanen da aka yi a gicciye ɓuya yake yi, sai an shafa banish ya fito fili. Na tabbatar da haka a kujerar da aka yi wa fenti, inda wanda ya goge ta a da ya bar zane a gicciye, na sha aiki kafin na shafe shi.

Inda na fi amfana da shi shi ne maganar rawar kujera. Mu abin da muka sani, in kujera ta fara rawa sai a danna mata kusa. Baba ya nuna mini inda wani ya yi hakan a tamu, katakon ya tsage daga bakin kusar. Ya ce busasshen maɗaci ba ya son kusa a mahaɗa. Abin da ake yi, a zare mahaɗar a hankali, a kankare tsohon gam har katako ya fito, saboda sabon gam ba ya kama saman tsoho, a cikin katako yake shiga. Sai a shafa wa ɓangarorin biyu, a mayar, a matse. Na ce ba ni da ƙarfen matsewa irin na kafintoci. Ya ɗauko tsohon tiyub na mota, ya yanka shi dogo-dogo, ya nuna mini yadda zan naɗe firam ɗin da shi tamau in bar shi ya kwana ya wuni. Bai karɓi ko sisi a kan tiyub ɗin ba. Ya kuma ce in ajiye garin katakon da na goge, in kwaɓa da gam in cike ƙananan ramuka, launin zai fi dacewa da komai da zan saya. Kujerun nan yanzu ko yara sun hau hannun ba sa motsi.

Gogewar ita ce wahalar aikin, ba zan ɓoye ba. Da hannu na yi, a tsakar gida, da yamma in na dawo daga makaranta, samfefar naɗe a guntun katako. Ƙurar maɗaci tana da ɗaci a maƙogwaro, sai da takunkumi. Kujerar da aka yi wa fenti kuwa na jiƙa ta ina kankarewa, na kori yara daga wurin, domin tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma, kuma duk wanda ya ji abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba zai yi wasa da ƙurarsa ba.

A kan banish, Baba ya hana ni abu biyu. Na farko, kada in ƙara launi, maɗaci yana da nasa. Na biyu, kada in haɗa iri biyu: akwai na feshi mai saurin bushewa da ake sirka shi da tina, akwai na mai wanda ake shafawa da burushi, kowanne da abin sirkinsa. Ya ba ni na burushi tunda ba ni da injin feshi. Shafin farko a tsinke, a bari ya bushe sarai, a ɗan goga lamba 220 sama-sama, a share, a sake. Shafi uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, wanda yake zuba ya daskare a gefen ƙafa. A hunturu na yi aikin, kuma kowa ya san ƙurar Gombe a wannan lokaci, don haka na shigar da su ɗakin da babu kowa, na yayyafa ruwa a ƙasa, na bar taga ɗaya ta ɓangaren da iska ba ta bugowa. Warin yana da ƙarfi, kuma abu ne mai kama wuta, kada a kusanta shi da murhu ko risho. Ranar da shafi na biyu ya bushe, jan katakon ya fito da zanensa, Inna ta daɗe tana shafa hannun kujerar, ta ce haka suke ranar da aka sauke su daga mota.

Soso ne ya cinye fiye da rabin kuɗin, kuma a nan ne na ga amanar mutumin. Yana da na Vitafoam da na Mouka, yana da mara suna mai araha. Ya ajiye su a ƙasa ya ce in taka kowanne in ɗaga ƙafa in ga wanda ke dawowa nan take. Ya ce tauri ba shi ne inganci ba, nauyi ma yana ruɗi, don akwai wanda ake cika shi da garin alli ya yi nauyi a hannu, bayan ɗan lokaci ya fara marmashewa. Shawararsa: in sa kuɗina a na zama, mai kyau, inci 4, na jingina kuma in ɗauki matsakaici, inci 3, tunda ba shi ke ɗaukar nauyin mutum ba. Da ya so, da ya sayar mini da mai tsadar duka takwas ban sani ba. Ya kuma sa aka yanka kowanne ya ɗan fi rigarsa girma da kamar rabin inci, don kushin ya cika fam, kada yadin ya yi tattara.

Robar ƙasa da kaina na saƙa, a gicciye, da ƙananan kusoshi, na shimfiɗa buhun algarara a kai don kada robar ta ci soson. Ɗinkin rigunan kushin ne Baba ya ce in bar wa masu ɗinki na shagon, kuma na yarda da shi, keken gida ba ya jan yadin kushin. Na so in sa atamfa, ya ce za ta koɗe ta yage a bakin zama. Leda ma ya hana ni, ya ce in tuna zafin Maris da Afrilu, ga manne wa jiki ga tsagewa. Na ɗauki yadi mai kauri, kore mai duhu, aka sa zif a baya yadda zan cire in wanke.

Shagon yana da nasa naƙasu. Yadin da ke wurin kaɗan ne, yawanci masu fure da ƙyalli irin na kayan amare, na daɗe ina tono kafin na sami mara ado. Mai son zaɓi gara ya sayo yadinsa a babbar kasuwa ya kawo. Ɗinkin ya wuce ranar da aka yi mini alkawari, domin aikin amare ne a gabansu, ƙaramin aiki irin nawa yana bin baya. Yaron shagon kuma ya yanka soso ɗaya a karkace. Da na mayar, Baba ya yi masa faɗa a gabana, ya sake yanka wani da hannunsa bai ƙara mini kuɗi ba, amma kuɗin Keke da ɓata lokaci ni na ɗauka. A duba kowane yanka tun a shagon. Ba wurin zama sai benci ɗaya, kuma in Baba ya fita, yaran ba su da haƙurin bayani irin nasa, sayarwa kawai suka sani. Da hantsi aka fi samunsa.

Farashi ba zan rubuta ba, yadda kaya ke tashi a yanzu, abin da na biya ba lallai shi za ku tarar ba. Amma duka abin da na kashe a kujeru huɗun, har da ɗinki, bai kai abin da aka ce in biya na kujera ɗaya mai zaman mutum biyu a shagunan bakin titi ba. In za ku je, ku tafi da kujera ɗaya ko aƙalla tsohon kushin, da awon cikin firam ɗin a rubuce, domin Baba ba ya yanka soso da ƙiyasi. Akwai teburin tsakiya na saitin a gidan yayata a Tumfure, ƙafarsa ɗaya ta karye. Na nuna wa Baba hotonsa a waya, ya ce wannan ba aikin gam ba ne, sai an sassaƙa sabuwar ƙafa, kuma zai nemo mini guntun maɗaci a wurin masu tsofaffin ƙofofi in na kawo shi bayan Sallah.